Svalbard, Girinlan, Arewacin Kanada ko Ƙololuwar Duniya: Wace Tafiyar Jirgin Ruwa Ce Ta Dace da Kai?

Duk wanda ya fara neman bayani a kan tafiyar buɗe ido zuwa yankin Aktik, can ƙuryar arewacin duniya, zai tarar da tallace-tallacen kusan kamarsu ɗaya: farin beyar a kan ƙanƙara, jirgi a bayansa, fasinjoji cikin jajayen rigunan sanyi. Amma abin da ake sayarwa a ƙarƙashin hoton nan tafiye-tafiye ne guda huɗu da suka sha bamban da juna, kuma mafi tsadarsu ya ninka mafi araha sau shida ko fiye. Akwai tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, akwai Girinlan, akwai mashigin ruwa na arewa maso yamma da ya ratsa tsibiran Kanada, sannan akwai Ƙololuwar Arewa kanta, wato digiri 90.

Jiragen da ke wannan aiki ba irin manyan jiragen shaƙatawa ba ne masu ɗaukar dubban mutane. Ƙanana ne, daga mai ɗaukar mutum 12 zuwa mai ɗaukar 200, an ƙarfafa jikinsu saboda ƙanƙara, kuma yawancin wuraren da suke tsayawa ba tashar jirgi. Sai dai a sauke ƙananan kwalekwalen roba masu inji da ake kira Zodiac, kowane ya ɗebi mutum goma zuwa goma sha biyu, a kai su gaɓa. Jagoran tafiya da kyaftin ne ke yanke inda za a kwana da inda za a wayi gari, gwargwadon iska da ƙanƙara.

Ma'aunin da za a yi amfani da shi

Na farko kuɗi, kuma kuɗin da ke kan talla ba shi ne ƙarshen magana ba. Akwai tikitin jirgin sama, kwanan otal kafin shiga jirgi, inshora, kuɗin biza, da ihsanin ma'aikata wanda galibi ake lissafa shi dala 15 zuwa 20 a kowace rana. Wanda kuma yake son ɗaki shi kaɗai zai biya ƙari mai nauyi.

Na biyu ƙarkon tsarin tafiya: yaya yiwuwar a kai ka inda aka yi maka alkawari? A nan ƙanƙara ce mai hukunci, sai kuma ƙarfin jirgin. Ana rarraba jiragen ƙanƙara daga PC1, mafi ƙarfi, zuwa PC7. Yawancin sababbin jiragen yawon buɗe ido PC6 ne ko PC5. Suna iya ture ƙanƙarar da ta fara narkewa, amma ba sa fasa mai kauri.

Na uku sauƙi, wato biza da hanyar isa wurin. Kamfanonin da ke sayar da tafiyar nan suna rubuta bayanansu ne don mai fasfon Turai ko Amurka. Mai fasfon Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Cadi ko Sudan dole ya yi nasa lissafin daban, kuma sau da yawa wannan lissafin ne ke raba gardama tun kafin a zo maganar kuɗi.

Na huɗu haɗari: nisa daga asibiti, nisa daga masu ceto, da yadda tekun ke wahalar da ciki.

Na biyar, wanda ni a wurina ya fi sauran, shi ne awa nawa za ka yi a wajen jirgi. Tafiyar kwana 20 da rabinta duk ratsa teku ne ba lallai ta fi ta kwana 8 da ake sauka sau biyu a rana ba.

Svalbard

Daga Oslo zuwa Longyearbyen, babban garin tsibiran, tafiyar kusan awa uku ce a jirgin sama. Garin yana kan digiri 78 arewa da layin da ya raba duniya biyu, mutanensa kusan 2,500, kuma daga filin jirgi zuwa inda jirgin ruwa ke jira mintuna ne kawai. Wannan shi ne babban abin da Svalbard ta fi saura da shi: ba a ɓata kwana ana ratsa buɗaɗɗen teku. Ka shiga jirgi da yamma, da safe kana gaban tudun ƙanƙara.

Tafiyar kan ɗauki kwana 7 zuwa 12, tsakanin watan Mayu da farkon Satumba, kuma farashi galibi yana farawa daga wajen dala 5,000 ya haura zuwa 12,000 gwargwadon ɗaki da jirgi. Watan da ka zaɓa yana canza tafiyar sosai. A Mayu da farkon Yuni duwatsu fari fat suke, amma ƙanƙara ta toshe gabas, sai a tsaya a yammaci da arewa. Ƙarshen Yuni da Yuli lokacin tsuntsaye ne. Daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta ne mashigin Hinlopen ya fi buɗewa, a iya zagaye Spitsbergen, tsibiri mafi girma a Svalbard, gaba ɗaya. A cikin mashigin nan ne dutsen Alkefjellet yake, inda tsuntsaye kusan dubu sittin-sittin, maza da mata, ke sheƙa a jikin bangon dutse. Ana kashe injin kwalekwale a ƙarƙashinsa, sama ta yi baƙi da fukafukai, ƙarar ta cika kunne, wari ya cika hanci, a ƙasan dutsen kuma wata 'yar yanyawar ƙanƙara na kai-kawo tana jiran ƙwan da zai faɗo.

Ga mai neman farin beyar, Svalbard ce wurin da aka fi sa rai, amma a san cewa doka ta canza. Tun daga 1 ga Janairun 2025, ba a yarda a kusanci beyar ƙasa da mita 300 ba, daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Yuni kuma mita 500 ne. A yankunan da aka keɓe, jirgi ba zai wuce fasinja 200 ba, kuma wuraren sauka an taƙaita su zuwa 43. Ma'ana hoton nan na beyar yana shinshinar jikin jirgi ya zama tarihi a nan. Ka tafi da madubin hangen nesa mai kyau, don shi ne zai yi maka aikin da kyamarar waya ba za ta yi ba. Ni dai ina goyon bayan dokar. Dabbar da ƙanƙarar farautarta ke ja da baya kowace shekara ba ta da ƙarfin da za ta ɓata wajen guje wa jirage.

Maganar biza tana da tarko. Bisa yarjejeniyar 1920, shiga Svalbard ba ya buƙatar biza ga kowa. Amma tsibiran ba sa cikin yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, kuma hanyar zuwa ta Oslo ko Tromso ce. Da ka tashi zuwa Longyearbyen ka fita daga Shengen, da ka dawo kuma sabuwar shiga ce. Saboda haka bizar shiga sau ɗaya ba za ta yi ba, sai ta shiga sau biyu ko fiye. Duk da haka biza ɗaya ce tal, daga ofishi ɗaya.

Ta fuskar haɗari ma ita ce mafi sauƙi. Ofishin gwamnan tsibiran yana da jiragen ceto masu saukar ungulu guda biyu, akwai ƙaramin asibiti a Longyearbyen, mai ciwo mai tsanani kuma a wuce da shi Tromso. Beyar haɗari ne na gaske: a Yulin 2018 wani beyar ya raunata mai gadin wani jirgin yawon buɗe ido a tsibiran Sjuøyane, aka harbe dabbar. Shi ya sa ba a sauke fasinja sai masu bindiga sun fara duba wurin, idan kuma aka hango beyar a gaɓa, sauka ta fasu.

Idan ka samu yini guda a Longyearbyen, ka je ka ga ƙofar rumbun irin shuka na duniya da aka buɗe a 2008 cikin dutse. Ba a shiga, amma a cikinsa akwai irin wake da gurjiya da cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta aika ajiya.

Girinlan

Girinlan tafiya biyu ce a cikin suna ɗaya. Yamma, wajen Ilulissat da gaɓar Disko, ƙasar mutane ce: garuruwa masu gidaje kala-kala, masunta, karnukan jan keken ƙanƙara. Kogin ƙanƙara na Sermeq Kujalleq, wanda UNESCO ta sa mashiginsa cikin kayan tarihin duniya a 2004, shi kaɗai ke fitar da kusan kashi 10 cikin 100 na ƙanƙarar da Girinlan ke zubarwa a teku. Curin ƙanƙarar da za ka gani a nan ya fi na Svalbard girma nesa ba kusa ba. Farin beyar kuwa da wuya ka gan shi a wannan ɓangaren, kuma a watan Yuli sauro yana damun mutane ƙwarai.

Gabas kusan ba kowa. Scoresby Sund, mashigin ruwa mafi girma a duniya mai rassa tsakanin duwatsu, gari ɗaya ne a bakinsa, Ittoqqortoormiit, mai mutum kusan 350. Arewa da shi gandun dajin arewa maso gabashin Girinlan ne, wanda ya fi kowane gandun daji a duniya faɗi. Ƙanƙarar da ke gangarowa daga arewa ba ta barin jirgi ya shiga sai Agusta da Satumba. Amfanin wannan jinkiri shi ne dare ya fara dawowa, don haka a Satumba ana iya ganin hasken nan mai launi da ke rawa a sararin samaniyar arewa. Wanda ya je Svalbard a Yuli ba zai gan shi ba ko kaɗan, tunda rana ba ta faɗuwa a Longyearbyen daga wajen 20 ga Afrilu har wajen 22 ga Agusta.

Kwana 10 zuwa 15 ake yi, kuɗi daga wajen dala 7,000 zuwa 15,000. Tafiyar gabas tana haɗawa da ratsa teku tsakanin Aislan da Girinlan, kwana ɗaya zuwa biyu kowane ɓangare, kuma ruwan nan ba ya raga wa mai saurin tashin zuciya. Yamma ta ƙara sauƙi tun da aka buɗe sabon filin jirgin sama na Nuuk a Nuwamban 2024.

Girinlan tana ƙarƙashin masarautar Denmak amma ba ta cikin Shengen. Bizar Shengen ta yau da kullum ba ta shigar da mutum, sai an nemi wadda aka rubuta a jikinta cewa tana aiki a Girinlan, ta hannun ofishin da ke wakiltar Denmak. Ga kuma Shengen ɗin kanta, don hanyar ta Kopenhegen ko Aislan ce.

Nisa daga ceto a gabas ba abin wasa ba ne. A Satumban 2023 jirgin Ocean Explorer ya kafe a Alpefjord da mutum 206 a cikinsa. Jirgin sojan ruwan Denmak mafi kusa yana nesa da tafiyar kwanaki, sai bayan kwana uku wani jirgin binciken kifi ya janyo shi. Ba wanda ya ji rauni, amma da a ce wani ya samu bugun zuciya a waɗannan kwanakin, da labarin ya zama daban.

Mashigin arewa maso yamma

Wannan tafiyar masu son tarihi ce. A 1845 John Franklin ya tashi daga Ingila da jirage biyu, Erebus da Terror, ya shiga wannan mashigi da mutum 129 duka-duka, ba wanda ya dawo. Sai a 2014 aka gano Erebus a ƙarƙashin ruwa, Terror kuma a 2016, da taimakon labaran da mutanen Inuwit, 'yan asalin yankin, suka riƙe kaka da kakanni. Roald Amundsen ne ya fara ratsa mashigin a jirgi, tsakanin 1903 da 1906, a ƙaramin jirginsa Gjøa, kuma garin Gjoa Haven na ɗauke da sunan jirgin har yau. A tsibirin Beechey ana sauke fasinjoji a wani fili na tsakuwa da ba ko ciyawa, inda kaburburan mutum uku na ayarin Franklin ke jere, waɗanda suka mutu a sanyin farko. Da yawa daga masu zuwa nan, wurin nan ne ya kawo su.

Ana kuma shiga garuruwan yankin Nunavut na arewacin Kanada irin su Pond Inlet da Cambridge Bay, ana iya cin karo da farin beyar, da farin kifin beluga, wani lokaci har da narwal mai dogon haure ɗaya. Sai dai tazarar da ke tsakanin wuri da wuri tana da yawa, ranakun zaman jirgi ma haka.

Lokacinta gajere ne, ƙarshen Agusta zuwa Satumba. Kwana 16 zuwa 25, kuɗi daga wajen dala 15,000 zuwa 30,000. A ma'aunin ƙarko ita ce mafi rauni: a 2018 ƙanƙara ta toshe tsakiyar mashigin, jirage da dama suka juya, kuma a shekarar ce jirgin Akademik Ioffe ya hau dutse kusa da Kugaaruk. Yawancin ruwan yankin ba a auna zurfinsa da na'urorin zamani ba. Idan ƙanƙara ta hana wucewa, kamfani ba ya mayar da kuɗi, don an rubuta haka a takardar da ka sa wa hannu.

Biza kuwa sai an shirya. Yawancin tafiyoyin suna farawa ko ƙarewa a Girinlan, ga bizar Kanada, mai yiwuwa ga Shengen, idan kuma jirgin zai ƙare a Nome ta Alaska, ga ta Amurka. Ofis uku ko huɗu, kowanne da ranar ganawarsa.

Ƙololuwar Arewa

Shekaru da dama jirgin Rasha mai amfani da nukiliya, 50 Let Pobedy, shi ke kai masu yawon buɗe ido daga Murmansk. Tun 2022 kamfanonin Yammacin duniya suka janye daga wannan hanya, tare da tsibiran Franz Josef. Abin da ya rage a kasuwarsu shi ne Le Commandant Charcot na kamfanin Ponant na Faransa, mai daraja PC2, wanda ya fara isa digiri 90 a Satumban 2021. Yana tashi daga Longyearbyen, kusan kilomita 1,300 daga ƙololuwar, tafiyar mako biyu da 'yan kai, kuɗi daga wajen dala 40,000 zuwa sama.

Jirgin yana da ƙarfin cika alkawarinsa, bizar kuma irin ta Svalbard ce. Amma a faɗi gaskiya: yawancin kwanakin ƙanƙara ce shimfiɗe iya ganinka, dabbobi na raguwa yayin da ake ƙara yin arewa, kuma ƙololuwar ba ta da wata alama sai lambar da na'ura ta nuna. Abin da ake saya shi ne a taka wurin.

| Ma'auni | Svalbard | Girinlan | Arewacin Kanada | Ƙololuwar Arewa |
|---|---|---|---|---|
| Kwanaki | 7–12 | 10–15 | 16–25 | 15–17 |
| Kuɗi (dala, kimanin) | 5,000–12,000 | 7,000–15,000 | 15,000–30,000 | 40,000 zuwa sama |
| Lokaci | Mayu–Satumba | Yuli–Satumba | Agusta–Satumba | Yuli–Satumba |
| Ƙarkon tsari | Mai kyau | Yamma mai kyau, gabas matsakaici | Mai rauni | Mai kyau |
| Biza | Shengen, shiga biyu | Shengen da ta Girinlan | Uku ko huɗu | Shengen, shiga biyu |
| Nisa daga ceto | Kusa | Gabas nesa ƙwarai | Nesa ƙwarai | Mafi nisa |
| Sauka daga jirgi | Kusan kullum | Yawanci | Jefi-jefi | Kaɗan |

Girman jirgi, salla da abinci

Bayan zaɓen wuri, girman jirgi ne ke biye. Jirgi mai mutum 12 zuwa 50 yana sauke kowa lokaci guda, yana shiga lungunan da babba ba ya shiga, amma ɗakunansa matsattsu ne kuma teku na jijjiga shi. Mai mutum 150 zuwa 200 ya fi natsuwa, yana da likita da kayan aiki mafi kyau, sai dai ana raba fasinjoji rukuni-rukuni, wani na gaɓa wani na jira. Mai ɗaukar 100 zuwa 130 shi ne tsaka-tsakin da zan ba yawancin mutane shawara a kai. Ka duba ko kamfanin yana cikin ƙungiyar AECO, wadda aka kafa a 2003 don tsara yadda jirage ke hulɗa da dabbobi da garuruwan yankin. Kada kuma ka dogara da rangwamen da ake yi dab da tashi, domin mai jiran biza ba ya cin wannan garaɓasar. Kafin ka biya kafin alƙalami, ka sa su rubuta maka abin da zai faru da kuɗinka idan aka hana ka biza. Inshorar da ta ƙunshi ɗauko mara lafiya da jirgin sama dole ce, kamfanoni da yawa ba sa barin mutum ya hau sai da ita.

Sanyin bai kai yadda ake tsoro ba. A Yuli ma'aunin zafi a Svalbard yakan tsaya tsakanin digiri 3 zuwa 8, wato ya ɗara sanyin asubar hunturu a Jos kaɗan, sai dai iskar kan ruwa tana ƙara masa kaifi. Jirage da yawa suna ba da aron takalman roba, wasu har da kyautar rigar sanyi.

Musulmi zai tarar da rana a sama ƙarfe goma sha biyun dare. Malamai sun yi magana a kan irin waɗannan wurare: a ƙaddara lokutan salla biyar cikin awa 24, ko dai da lokacin gari mafi kusa da ke da dare da rana, ko da lokacin Makka. Ka tambayi malaminka kafin ka tashi, ka rubuta jadawalinka a takarda, don manhajar waya takan rikice a can. Alƙibla daga Svalbard kudu ce da ɗan karkata gabas. Azumin Ramadan a waɗannan shekarun ba ya faɗowa cikin lokacin tafiyar. Abinci kuwa kifi da ganye ba sa yankewa, amma naman halal sai an sanar da kamfani tun lokacin biyan kuɗi, tunda jirgin ba zai tsaya kasuwa ba.

Wa ya kamata ya zaɓi wanne

Idan wannan ce tafiyarka ta farko, kana son dabbobi, kuma fasfonka na buƙatar biza, ka ɗauki Svalbard a Yuli ko farkon Agusta, kwana 9 zuwa 11, a jirgin da bai wuce mutum 130 ba. Mai saurin jiri a ruwa da dattijon da ke son zama kusa da asibiti ma nan ya fi musu.

Wanda girman ƙanƙara da rayuwar mutanen yankin suka fi jan hankalinsa, yammacin Girinlan ne nasa. Mai ɗaukar hoto da ke son duwatsu, kaɗaici da hasken samaniya, kuma lafiyarsa ƙalau, ya nufi gabashin Girinlan a Satumba. Arewacin Kanada na wanda ya karanta labarin Franklin har ya zauna masa a rai ne, yana da mako uku zuwa huɗu, yana da bizar Kanada a hannu, kuma ba zai ji an cuce shi ba idan ƙanƙara ta mayar da jirgin baya. Ƙololuwar Arewa kuma ta wanda ya riga ya ga sauran ce, kuma dala 40,000 ba za ta taɓa jarinsa ba.

Wanda kuɗinsa bai kai dala 5,000 ba, akwai jiragen gaɓar Norwe na Hurtigruten da Havila da ke bin hanyar Bergen zuwa Kirkenes, zirga-zirgar gaɓa da ta samo asali tun 1893, mai tashoshi 34. Suna tsallaka layin Aktik, suna aiki duk shekara, bizar Shengen ta shiga ɗaya ta isa, kuma a lokacin sanyi ana ganin hasken samaniya daga saman jirgi. Babu kwalekwalen roba a ciki, babu farin beyar.